Yadda Ake Zaɓen Girman Katin Memori Don Aikin Hoto

Yawancin matasanmu da ke shiga sana'ar hoto a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Madina da kyamara ta hannu suke farawa, ko wadda ɗan'uwa ya aiko daga Jamus ko Amurka, ko wadda aka tara kuɗi aka saya a nan Akra. Da zarar ta shigo hannu sai tambaya ta taso: katin memori mai giga (GB, ma'aunin girman kati) nawa zan sa mata? Idan ka kai wannan tambaya shagunan Circle, mai shago zai miƙo maka mafi girman da yake da shi. Ba laifinsa ba ne, bai san kyamararka ba, bai san ko suna za ka ɗauka ko bikin kwana uku ba. Amsar tana wurinka, kuma lissafi ne da za ka iya yi a bayan takarda cikin minti goma. Ga yadda ake bi.

Fara da tambayar kyamarar kanta

Kafin maganar girma, ka tabbatar da irin katin da kyamararka take karantawa. Katunan SD duk kamanninsu ɗaya a ido, amma gida-gida ne. SD na asali ya tsaya a 2GB. SDHC, wanda ya fito a 2006, ya kama daga nan zuwa 32GB. SDXC, na 2009, shi ne duk wanda ya haura 32GB har zuwa 2TB, wato 64GB da 128GB da 256GB duk 'yan wannan gida ne. Sabuwar kyamara tana karanta tsohon kati, amma tsohuwa ba ta karanta sabo.

Wannan ya shafe mu sosai saboda tsofaffin kyamarori sun yi yawa a hannun masu koyo. Canon 450D da 500D da 1000D, da Nikon D3000, a SDHC suka tsaya, ke nan 32GB ne iyakarsu. Canon 550D da Nikon D3100, waɗanda suka fito a 2010, suna karɓar SDXC. Ka buga sunan kyamararka a intanet ka duba littafinta, ko ka leƙa jikin murfin gurbin katin, wasu suna ɗauke da tambarin a nan. Wanda ke riƙe da Canon 5D Mark III ko Mark IV ya tuna gurbi biyu gare shi, ɗaya na babban katin CF, ɗaya na SD. Nikon D850 kuwa XQD da SD take ci, Canon R5 CFexpress da SD. Waɗannan katuna sun fi SD tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane shago ke ajiye su ba, don haka ka nemi naka tun kafin makon biki.

Auna nauyin hotonka guda ɗaya

A nan ne mutane suke tsallakewa, alhali shi ne tushen lissafin duka. Kada ka dogara da jadawalin da ke bayan kwalin kati mai cewa zai ɗauki hoto dubu kaza. Ba da kyamararka aka auna shi ba.

Sa kowane kati da ke hannunka, ka saita kyamarar daidai yadda za ka yi aiki da ita ranar biki: JPEG ne zalla (hoton da kyamara ta gama sarrafawa ta matse), RAW ne (ɗanyen hoto da ake gyarawa daga baya a kwamfuta), ko duka biyun a tare. Ka ɗauki hoto kamar 30 masu kama da aikinka na gaske. Kada ka tsaya kana ɗaukar farin bango. Ka ɗauki mutane cikin shadda mai aiki, da leshi, da kente, ka ɗauki wasu a tsakar gida da rana, wasu a cikin ɗaki da dare. Dalili shi ne JPEG matse hoto yake yi, kuma abin da yake da zane-zane da yawa ba ya matsuwa kamar sarari fili. Hoton amarya cikin leshi mai duwatsu, ƙawayenta kewaye da ita cikin anko, ya fi hoton sararin sama nauyi ko da kyamara ɗaya ce ta ɗauke su. Haka ma hoton dare da aka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, ɗigo-ɗigon da ke fitowa a cikinsa yana ƙara masa nauyi.

Sai ka zuba su a kwamfuta, ka duba nauyin foldar gaba ɗaya, ka raba da yawan hotunan. Abin da ya fito shi ne lambarka, ka rubuta ta ka ajiye. A kyamara mai megafiksel 24 (ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗa hoto), irin su Nikon D3500, D750 ko Canon 80D, za ka ga JPEG mai kyau yana yawo a wajen 10MB, RAW kuma tsakanin 20MB da 30MB. Sony A7 III ita ma 24 ce, amma idan ka bar RAW ɗinta ba a matse ba yana kusan 50MB, idan ka zaɓi matsattse ya dawo kusan rabin haka. Ka ga saiti ɗaya a cikin menu ya ninka katin da kake bukata. Masu megafiksel 45 kuwa su sa ran 50MB ko fiye a kowane RAW.

Lambar da kyamara ke nunawa a allo, ta sauran hotunan da za su shiga, ƙiyasi ce kawai. Nikon tana rubuta 1.2K idan ta wuce dubu, wasu Canon kuma suna maƙalewa a 999 komai girman katin. Tana da amfani a tsakiyar aiki, amma ba da ita ake yanke shawarar saye ba.

Ƙidaya aikin, ba na yini ɗaya kaɗai ba

Yanzu ka tambayi kanka hoto nawa kake ɗauka a aiki guda. Idan ka riga ka yi ayyuka, buɗe foldodin uku na ƙarshe ka ga yawansu kafin tacewa. Idan kana bin maigidanka ne kana koyo, tambaye shi kai tsaye: "Maigida, bikin da muka yi a Fadama hoto nawa muka dawo da shi?" Ya fi kowane jadawali.

Suna aiki ne gajere. Ana raɗa suna da safe bayan asuba, a yi addu'a, a raba goro, da yamma mata su yi taronsu. Mai ɗaukar JPEG da wuya ya cika 16GB, wanda ke cin hoto wajen 1,500 idan kowanne 10MB ne. Mai shagon hoton fasfo da na takardun makaranta ma haka, 16GB ko 32GB ya wadatar da shi, sayen 128GB a wurinsa ɓarnar kuɗi ce da gara ya sa a fitila.

Biki shi ne mai cin kati. Mu ɗauki misali ka ce ranar ɗaurin aure, daga kwalliyar amarya da safe, zuwa masallaci, zuwa walima, zuwa kai amarya da dare, za ka danna sau 1,500. Idan JPEG ne, 1,500 sau 10MB ya ba ka 15GB. Idan RAW ne mai 25MB, ya kama kusan 38GB. Idan duka biyun kake ajiyewa, don ka tura wa dangi JPEG ta WhatsApp a daren sannan ka zauna da RAW daga baya, 35MB ke nan kowace dannawa, jimla kusan 53GB.

Kan abin da ya fito ka ƙara sulusi. Biki ba ya tashi a lokacin da aka ce, kullum akwai wata Hajiya da za ta iso a makare ta ce, "Ɗana, zo ka ɗauke mu da amarya," kuma ba za ka ce mata kati ya cika ba. Ke nan 38GB ya zama 50GB, 53GB ya zama 70GB.

Akwai kuma ragin da ba a faɗa maka a shago. Katin da aka rubuta wa 64GB, kwamfuta za ta nuna maka kusan 59GB. Na 32GB zai nuna kusan 29GB, na 128GB kusan 119GB. Wannan ba cuta ba ce, kamfanoni suna ƙirga giga da dubu-dubu ne, kwamfuta kuma da 1,024. A aikace, da RAW mai 25MB, 32GB yana ɗaukar hoto wajen 1,200, 64GB wajen 2,400, 128GB wajen 4,800.

Sai abin da ya fi shafarmu a nan. Bikinmu na Zango ba yini ɗaya ba ne. Akwai lalle, akwai ɗaurin aure wanda sau da yawa yake faɗawa Lahadi, akwai abin da ke biyo baya. Tambayar ita ce, tsakanin yini da yini za ka samu ka sauke hotunan a kwamfuta? Idan ka dawo gida ƙarfe ɗaya na dare ka tarar dumso ya ɗauke wuta, laftof ɗinka kuma ba caji, to katin jiya ba zai goge ba, sai ka fita da wani. Idan aikin ya kai ka Kumasi ko Tamale ko Bawku ba ka tafi da kwamfuta ba, katunanka ne za su riƙe komai har ka dawo. Saboda haka ka ninka lissafin yini ɗaya da yawan kwanakin da za ka iya yi ba ka sauke ba. Ni a ganina ko a cikin Akra kake, ka yi tanadin kwana biyu.

Idan da bidiyo a ciki, lissafi ya canza

Yanzu kusan kowane mai biki yana son ɗan gajeren bidiyo na Instagram ko TikTok, kuma bidiyo yana shanye kati fiye da yadda ake zato. Shiga menu ka nemi lambar da aka rubuta da Mbps, wato yawan bayanan da bidiyo ke ci a kowace daƙiƙa. Lura da ƙaramin harafin b, ba daidai yake da MB na jikin kati ba, sai ka raba da 8 kafin su zama abu ɗaya. Bidiyon 4K mai 100Mbps yana cin 12.5MB a daƙiƙa, 750MB a minti, 45GB a awa. Katin 64GB ba zai kai ka awa ɗaya da rabi ba. Na 1080p mai 50Mbps yana cin wajen 22GB a awa, mai 24Mbps wajen 11GB.

Ga mai ɗaukar wa'azi, tafsirin azumi ko mauludi, inda kyamara za ta zauna kan ƙafafunta awa biyu ko uku, 128GB shi ne mafari, 256GB ma ba almubazzaranci ba ne. Kuma SDXC ya fi dacewa da shi, domin katunan 32GB zuwa ƙasa suna kan tsarin FAT32, wanda ba ya barin fayil ɗaya ya wuce 4GB. Kyamara za ta yayyanka maka karatun malam gida-gida, wasu tsofaffi ma tsayawa suke yi cak idan sun kai nan. Wani abin daban: kyamarori da yawa na da suna yanke ɗauka a minti 29 da daƙiƙa 59. Wannan daga kyamarar ne, babban kati ba ya maganinsa, sai dai ka tsaya kusa ka sake dannawa.

Raba jimlar gida biyu ko uku

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Lissafi ya ba ka 100GB na kwana biyu, zuciya za ta ce ka sayi 128GB guda ɗaya ka huta. Kada ka yi. Kati yana lalacewa ba sallama, yana faɗuwa a cunkoson Idi a Dandalin Black Star ko a harabar Masallacin Ƙasa na Kanda, ana iya sace kyamarar da shi a ciki. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi. Uwar amarya ta biya ka kuɗi, amma abin da ta damƙa maka amana ce, hoton mahaifin yarinya yana ba da aurenta, hoton kakarta da wataƙila shi ne na ƙarshe. Dubi 'yan kasuwar Nima, mai hankali ba ta ƙulle cinikin yini duka a lalita ɗaya.

Amma kada ka zarce ɗaya ɓangaren, ka cika aljihu da ƙananan katuna takwas na 8GB. Duk sauya kati dama ce ta faɗuwa, ta shigar ƙurar hunturu cikin gurbi, ta kuskuren goge wanda ke da aiki, ta kuma cikar kati daidai lokacin da liman ya ɗaga hannu. Ma'aunin da nake bi shi ne kati ɗaya ya ɗauki sashe ɗaya na biki cikakke: na safe da masallaci a kati ɗaya, walima da dare a wani. Ka sauya a lokacin da aka tafi sallar azahar ko ana cin abinci, ko da na farkon bai cika ba.

Da wannan ma'auni, mai kyamarar megafiksel 24 da ke ɗaukar RAW zai zauna lafiya da 32GB guda huɗu, ko 64GB guda biyu da 32GB ɗaya na ko-ta-kwana. Mai JPEG zalla, 32GB guda biyu. Mai megafiksel 45, ko mai haɗa hoto da bidiyo, 128GB guda biyu, kuma ya ware wa bidiyo nasa katin. Yau a kasuwa 64GB ne ya fi zama tsaka-tsaki ga yawancinmu. Idan kana kokwanto tsakanin girma biyu, raba farashin kowanne a sidi da yawan gigarsa ka ga wanda ya fi sauƙi, amma kada sauƙin giga ya ja ka zuwa kati ɗaya tilo.

Wanda Allah ya ba kyamara mai gurbi biyu, kamar Nikon D750 ko D7200 ko Sony A7 III, ya shiga menu ya zaɓi yadda za su yi aiki. Zaɓi uku ne: na biyu ya karɓa idan na farko ya cika, ko duka biyun su rubuta abu ɗaya, ko RAW a ɗaya JPEG a ɗaya. A aikin kuɗi ka zaɓi su rubuta abu ɗaya. Sai dai ka sani a wannan tsari 64GB biyu ba 128GB ba ne, 64GB ne, kuma idan girmansu ya bambanta ƙaramin ne ke yanke hukunci. Dabara mai kyau ita ce ka bar 128GB a gurbi na biyu ba ka taɓa shi har biki ya ƙare, kana sauya ƙananan a gurbi na farko. Da haka kowane hoto yana wuri biyu, ɗaya a kyamara ɗaya a aljihunka.

Gudu

Babbar lambar da ke gaban kati, irin 120MB/s ko 170MB/s, yawanci gudun karantawa ce, wato saukewa a kwamfuta. Abin da ya dame ka shi ne gudun rubutawa, kuma ƙananan alamomi ne ke faɗarsa. C10 da U1 suna nufin aƙalla 10MB a daƙiƙa, U3 da V30 aƙalla 30MB, sai V60 da V90. V30 ya ishi hoton biki da 4K mai 100Mbps. Idan kana jera dannawa a bayan dawakin hawan Salla ko a filin ƙwallo kana ganin kyamara tana tsayawa tana numfashi, katin ne ya gaza kwashe abin da ta tara. Katin UHS-II, mai layi biyu na ƙarfe a baya, yana da tsada, kuma in kyamararka ba ta da irin gurbinsa da gudun UHS-I zai yi aiki. Ƙaramin microSD na waya da ake cusa wa adafta yana yi, amma adaftar ƙarin wurin matsala ce, ka bar shi wa waya da jirgin ɗaukar hoto daga sama.

Gwada shi kafin ka amince masa

Jabun katuna sun cika kasuwanni, har da na intanet, ɗauke da sunayen SanDisk, Lexar, Kingston ko Samsung da kwali mai ƙyalli. Mugun cikinsu shi ne wanda aka yi wa dabara ya riƙa faɗin 128GB alhali cikinsa 8GB ne ko 16GB. Zai karɓi hotuna ba gardama, kyamara tana ƙirgawa, amma da ya wuce girmansa na gaske sai ya riƙa zubar da sababbin ko ya taka tsofaffin. Ba za ka gane ba sai ka zauna gaban kwamfuta fayiloli sun ƙi buɗewa. Idan farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ka bar shi, araha ba ta ado.

Ka saya a shagon da ke da mazauni, ka karɓi rasit, ka ce wa mai shi, "Alhaji, zan gwada shi a gida, in bai cika ba zan dawo da shi." Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan. A gida ka sauke manhajar H2testw idan Windows gare ka, ko F3 a Mac da Linux, duk kyauta ne. Suna cika katin da bayanai har bakinsa sannan su karanta su ga ko sun dawo daidai, suna kuma nuna maka gudun rubutawa na gaske. Babban kati zai iya cin awa ɗaya ko biyu, ka sa shi lokacin da akwai wuta. In babu kwamfuta, sa kyamara ta yi ta ɗaukar bidiyo har katin ya cika, sannan ka kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka gani.

Ranar aiki da bayanta

Daren jajibiri ka yi wa kowane kati fomat, wato share shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar da zai yi aiki, ba a kwamfuta ba, bayan ka tabbatar aikin baya ya sauka. Ka rubuta musu lamba 1, 2, 3 da alƙalami mara gogewa. Ka samo ƙaramin akwatin kati mai rufewa ruf, saboda damina da danshin teku na Akra ba sa raga wa ƙarfe. Wanda ya cika, tura ɗan makullin gefensa ƙasa ka kifa shi a akwatin, ta yadda ko yaronka ne ya buɗe zai gane wanda ba a taɓawa. Kada ka zare kati ko batir muddin ƙaramar fitilar rubutu tana ƙiftawa. Ka guji zama kana goge hotuna ɗaya-ɗaya a kyamara don neman wuri, a cikin sauri ne ake goge wanda ba a yi niyya ba. Idan ka ga kana yawan yin haka, lissafinka ya yi kaɗan, ƙara kati ɗaya.

Da ka dawo, ka kwafe hotunan wuri biyu, kwamfuta da faifan ajiya na waje, ka buɗe wasu daga farko da ƙarshe ka tabbatar suna buɗewa, sannan ka yi maganar fomat. Idan da hali, katin ɗaurin aure ya zauna a kulle har ka miƙa aikin.

In kuwa kati ya nuna kuskure a tsakiyar aiki, ko aka yi masa fomat bisa kuskure, cire shi nan take, ka kulle, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa. Fomat na yau da kullum jerin sunayen fayiloli yake sharewa, hotunan suna nan sai an rubuta wasu a kansu, kuma manhaja irin PhotoRec ko Recuva takan dawo da su. Ka sauke abin da ta ceto a kwamfuta, ba a kan katin ba. Daga ranar wannan kati ya fita daga aikin kuɗi, ka sayi wani mai girmansa ya maye gurbinsa kafin biki na gaba.